Kajin gida ko na gidan gona: ta ina salmonela ke shigowa, kuma yaya ake tare ta?

Kazar da ke ɗauke da salmonela ba ta nuna komai. Tana cin abincinta, tana tone-tonenta, gashinta na sheƙi, ba ta fashin saka ƙwai. Amma ƙwayar cutar na zaune a hanjinta, ta fito a kashi yau, ta yi shiru mako guda, ta sake fitowa. Wanda ya saba duba lafiyar kaza da ido, in ya ga idonta garau, zankonta ja, sai ya ce wannan ba ta da komai. A wasu cututtukan ido na taimakawa, amma ban da wannan.

Na sha jin gardamar masu kiwo da masu saye. Mai kaji a bayan gida yakan ce nasa sun fi lafiya, don ya san abin da suke ci, suna shan iska, ba a cunkushe suke ba. Mai sayen kajin gidan gona kuma ya ce ai can akwai likitan dabbobi da rigakafi da doka. Kowa na da tasa gaskiyar, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙwayar ɗaya ce a wuraren biyu, hanyar da take bi ta kai bakin mutum ce ta bambanta. Ta gidan gona a cikin abinci take tafiya, kuskure guda ya isa ga dubban mutanen da ba su taɓa ganin kazar ba. Ta bayan gida kuwa hannu take hawa da tafin takalmi, kuma mutanen gidan take samu, musamman ƙananan yara.

Wace salmonelar ake nufi

Salmonela bakteriya ce. An sa mata sunan Daniel Salmon, wani likitan dabbobi ɗan Amurka, ko da yake mataimakinsa Theobald Smith ne ya gano ta a jikin aladu a 1885. Tana da ire-ire sama da 2,500, amma mai kaji rukuni uku kawai yake buƙatar rabewa.

Akwai mai kawo zazzaɓin taifot. Wannan ta ɗan Adam ce zalla, daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci, babu ruwan kaza a ciki. Akwai Gallinarum da Pullorum, masu kashe kaji. Pullorum ce ke sa 'yan tsaki farin zawo mai manne musu a gindi, su takure wuri ɗaya, su riƙa mutuwa a makonnin farko. Waɗannan biyun da wuya su kwantar da mutum. Sai na uku, su Enteritidis da Typhimurium, waɗanda suke barin babbar kaza cikin ƙoshin lafiya su kwantar da mai ita. Su ne maganarmu.

Bayan ƙwayar ta shiga ciki, alamu kan bayyana tsakanin awa 6 zuwa kwana 6: gudawa, zazzaɓi, murɗar ciki, wani lokaci da amai. Yawancin mutane sukan warke cikin kwana 4 zuwa 7. Wannan jinkirin ne ke ɓatar da sawu. Mutum ya kwanta ranar Alhamis, sai ya ɗora laifin a kan abin da ya ci daren Laraba, alhali sharar akurkin da ya yi ranar Litinin ce. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ƙiyasta cewa salmonela na kama kusan mutum miliyan 1.35 a ƙasar duk shekara, ta kwantar da 26,500 a asibiti, ta kashe 420.

Abin da gidan gona ke da shi, da abin da ke cinsa

Matsalar gidan gona yawa ce. Ɗaki ɗaya na ɗaukar kaji dubbai, suna taka shimfiɗa ɗaya, suna shan ruwa daga layi ɗaya. Idan iyayen da aka ɗebi ƙwansu na ɗauke da ƙwayar, sai ta bi ƙwan zuwa injin ƙyanƙyasa, daga nan a raba ta ga gonaki da yawa cikin kwali. A mayanka kuma injin da ya fasa hanjin kaza guda zai taɓa ɗaruruwan da ke bayanta. A 2010 an janye ƙwai sama da miliyan 500 daga kasuwa a Amurka, duk daga kamfanoni biyu a jihar Iowa, bayan kimanin mutum 1,900 sun kamu. Da masu bincike suka shiga ɗakunan kajin, tarin kashi da ɓeraye suka tarar.

Sai dai yawan nan shi ke ba da damar yin abin da mai kaji goma ba zai iya ba. Ana gwada garke a ɗakin bincike, ana yi wa kaji rigakafi, ana turara abincinsu da zafi, ana kwashe ɗaki gaba ɗaya a wanke shi ya huta. Birtaniya ta ga duka fuskokin biyu. A Disamban 1988 ƙaramar ministar lafiya Edwina Currie ta ce yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar na da salmonela. Kasuwar ƙwai ta faɗi, ita kuma ta rasa kujerarta a cikin watan. Bayan shekara goma, a 1998, aka kafa tsarin buga tambarin zaki a jikin ƙwai, wanda ya wajabta yi wa kajin ƙwai rigakafi, kuma masu kamuwa suka ragu ƙwarai. A 2017 hukumar kula da abinci ta ƙasar ta ce masu ciki da jarirai da tsofaffi ma za su iya cin ƙwai mai wannan tambarin ko bai dahu sosai ba. A kula, wannan sassaucin na ƙwan da ya fito daga wancan tsarin ne kaɗai. Ƙwan da ba ka san tarihin garkensa ba bai shiga ciki ba, na gida ne ko na kasuwa.

Kajin bayan gida ba mai gwada su. Ko a Amurka, dokar kare ƙwai daga salmonela ba ta hau kan mai kaji ƙasa da 3,000 ba. A 2020, lokacin da kullen korona ya sa mutane da yawa suka fara kiwo, CDC ta ƙirga mutum 1,722 da suka kamu ta hanyar kajin gida da agwagi, a dukkan jihohi 50 na ƙasar, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wani nazarin hukumar kan ɓarkewar cutar daga 1990 zuwa 2014 ya gano cewa kusan rabin waɗanda aka tambaya sun riƙa rungumar 'yan tsaki, wasu har da sumbatarsu.

A ganina ga yadda lissafin yake. Mai sayen nama da ƙwai ƙofa ɗaya yake tsarewa, ta kicin. Mai kiwo ya buɗe ta biyu, kuma yana bin ta safe da yamma. Wannan ba dalilin daina kiwo ba ne, don ni ma ban daina ba. Amma sabo da kaza ba ya hana ta ba ka cuta.

Fara daga ranar da 'yan tsaki suka iso

Mutane kan manta cewa 'yan tsakin da ake saye a kai gida, sau da yawa daga wurin ƙyanƙyasar da ke ba gidajen gona suke fitowa. Don haka ka tambayi mai sayarwa daga ina suke, ana gwada iyayensu, wane rigakafi aka yi musu. Wanda ya kasa amsa ko ɗaya, ka nemi wani. Kwalin da suka zo a ciki da takardar ƙasansa a ƙone ko a zubar, kada a ajiye don wani amfani.

Inda za su kwana shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ni ma na yi shi. Karon farko da na kawo 'yan tsaki, sanyi ya sa na ajiye su a lungun ɗaki kusa da inda ake ajiye kwanuka, da fitila a kansu. Bayan kwana huɗu na shafa murfin wata tukunya da ke kan kanta, sai ga wata farar ƙura mai laushi a yatsana. Garin gashinsu ne da busasshen kashi da abinci, fiffikensu ya tayar, ya sauka a kan komai. Salmonela na iya rayuwa watanni a irin wannan ƙurar. Tun daga ranar suka koma waje. Ko a rumfa ne, ko a ɗakin ajiya mai ƙofarsa daban, a kai musu ɗumin can, amma kada su shiga inda ake girki ko ci ko kwana.

In manyan kaji ka sayo, ka ware su kwana 30 kafin ka haɗa su da naka. Warewar ba za ta tona mai ɗauke da salmonela ba, tunda ba ta nuna alama, amma tana kama sauran cututtuka. Kuma kazar da ta sha wahalar tafiya ta fi zubar da ƙwayar a kwanakin farko, gara ta zubar a wurin da za ka iya wankewa.

Iyaka tsakanin akurki da gida

Ka ware takalmi guda na shiga wajen kaji, na roba mai wankuwa, ya zauna a ƙofar akurki. Kada ya shiga gida ko da minti ɗaya ne, ko da abu ka manta. Juya tafinsa ka duba ramukansa bayan shiga ɗaya, za ka gane dalili. Jariri mai rarrafe yana shafa daɓen da ka taka, hannun kuma baki zai kai.

Wanke hannu da sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 duk lokacin da ka taɓa kaza, ko ƙwai, ko mazubin abinci, ko ƙofar akurkin kanta. Hanya mafi sauƙi ta ɗorewa a kan wannan ita ce a ajiye buta da sabulu a nan bakin akurki, don in sai an shiga gida za a wanke, an riga an taɓa marikin ƙofa da waya. Man goge hannu mai sinadari yana rage ƙwayoyi in babu ruwa, amma ba ya aiki sosai a hannun da ke da datti. Ba a ci, ba a sha, ba a taunar komai a wajen kaji. Mazubin ruwa da na abinci a waje ake wanke su, da soson da ba ya zuwa kicin.

Maganar yara ta fi wuya, don ɗan tsako abin sha'awa ne, kuma yaro ba ya ganinsa bai kai hannu ba. Shawarar CDC ita ce ɗan ƙasa da shekara 5 kada ya taɓa su sam. Ya kalla daga nesa. Wanda ya girme haka zai iya ɗauka in babba na tsaye, ba kai wa fuska, kuma babban ne zai tsaya a kan wankin hannun. Tsofaffi daga shekara 65, da mai ciki, da mai ƙarancin garkuwar jiki saboda ƙanjamau ko maganin ciwon daji, su bar wa wani sharar akurki. Haka mai sikila, don a jikinsa salmonela na iya barin hanji ta shiga jini ta zauna a ƙashi.

Ɓera

Za ka iya wanke akurki fes, ka kawo kaji masu tsabta, ɓera ya dawo maka da cutar cikin dare ɗaya. Yana ɗauke da ita, yana kashi a cikin abinci, kaji kuma suna tsince kashin kamar tsaba. Shi ne ke riƙe ƙwayar daga garken da ya tafi ya miƙa wa wanda ya zo. Abincin kaji a zuba shi a duro ko bokiti mai murfi, ba a buhu a ƙasa ba. Da magariba a ɗauke ragowar, a share wanda ya zube. A toshe ramuka, a sare ciyawar da ke jikin bango, a kau da tarkacen da ke kusa. In za a sa guba, a sa ta a cikin akwatin da kaza da yaro ba za su kai ba, amma tarko ya fi kwanciyar hankali. Tsuntsayen daji da ƙadangaru ma suna ɗauke da ita, don haka raga mai ƙananan ido ta fi, kuma mazubin ruwa kada ya zauna a ƙarƙashin bishiyar da tsuntsaye ke kwana. A ɗaga shi zuwa daidai tsayin gadon bayan kaza don kada su taka ciki, a sauya ruwan kullum.

Shara da wanki

Jerin aikin ya fi sinadarin muhimmanci. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, musamman mai kulorin, yana mutuwa da ya haɗu da kashi da datti. Wanda ya watsa shi a kan ƙazanta asarar kuɗinsa kawai ya yi. Ka fitar da kaji, ka ɗan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ka rufe hanci da baki, ka kwashe shimfiɗar duka. Ka kankare abin da ya manne a daɓe da sandunan kwana. Ka wanke da omo da burushi, ka ɗauraye, sannan ka sa maganin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ka bar shi ya yi mintunan da aka ce. A ƙarshe ka bar wurin ya bushe sarai kafin sabuwar shimfiɗa. Danshi abokin ƙwayar ne, shi ya sa jiƙaƙƙen wurin da ke ƙarƙashin mazubin ruwa ba ya jiran ranar babbar shara, a kwashe shi da an gani.

Kashin da aka kwashe taki ne mai kyau, amma ɗanyensa na iya kai salmonela kan ganyen da za a ci ba a dafa ba. A tara shi ya ruɓe, ana juyawa, har cikinsa ya yi zafin da ya kai digiri 55 a ma'aunin Salshiyos na kwanaki. In ɗanye za a zuba, ƙa'idar da ake bi a noman da ba na sinadari ba a Amurka ita ce a bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Ƙwai

Hanya biyu ƙwayar ke shiga ƙwai. Ta farko daga cikin kazar: Enteritidis na iya zama a mahaifarta, ta shiga ƙwan tun kafin ɓawo ya rufe shi. Irin wannan ƙwan fes yake a ido, ba wari, ba tabo, kuma ba wankin da zai taɓa abin da ke ciki. Ta biyu daga waje: ƙwai da kashi ƙofa ɗaya suke fitowa, sannan ƙwan ya sauka a sheƙar da wata ta taka da ƙazamar ƙafa.

Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In ka taɓa ɗaukar ƙwai a daidai lokacin da aka saka shi, za ka ji shi da ɗumi da ɗan danshi, ya bushe cikin ɗan lokaci. Wannan danshin wani siririn rufi ne da ke toshe ƙofofin. Wanki yana cire shi. Mafi muni shi ne wanki da ruwan sanyi: abin da ke cikin ƙwan ya tsuke, ya zuƙo ruwan da dattin da ke kai zuwa ciki. Mai niyyar tsabta ya tura ƙazantar inda ba za ta fita ba.

A nan ma manyan ƙasashe sun rabu. Amurka na wanke ƙwan kasuwa da ruwan ɗumi da sinadari, sannan ta wajabta ajiye shi a sanyi daga gona har kanti. Tarayyar Turai ta hana wanke ƙwai mai daraja ta ɗaya, ta mai da hankali kan tsabtace garken tun daga tushe. Kowane tsari na aiki in an bi shi har ƙarshe. Haɗa rabin wannan da rabin wancan ne ke kawo matsala, wato a wanke ƙwai sannan a bar shi a kan tebur cikin zafi.

Ga mai kaji a gida, aikin daga sheƙa yake farawa. Shimfiɗarta ta zama busasshiya, a sauya ta da ta ɓaci, a hana kaji kwana a ciki. A kwashe ƙwai aƙalla sau biyu a rana. Mai ɗan tabo a goge shi a bushe, da tsumma ko burushi ko takardar goge katako mai laushi. Wanda ya tsage, ko ya yi dumu-dumu da kashi, ko aka tsinto a wani lungu ba a san ranar da aka saka shi ba, a zubar. Na san zubar da ƙwai na da ciwo, amma kwana huɗu a kwance ya fi shi tsada. In wanki ya zama dole, a yi shi dab da za a fasa, da ruwan da ya fi ƙwan ɗumi, ba tare da jiƙawa ba.

Firji a digiri 4 ko ƙasa yana hana ƙwayar hayayyafa, amma ba ya kashe ta. Ƙwan da ya shiga firji ya zauna a can, don in an fito da shi ya yi gumi, gumin na taimaka wa ƙwayoyi ratsa ɓawo. Inda babu firji, a nemi wuri mafi sanyi, a ci da wuri, a fara da tsofaffin. Rubuta kwanan wata da fensir a jikin ɓawon yana raba gardama.

Wuta ce kaɗai ke gamawa da ta cikin ƙwai. A dafa har farin da ƙwaiduwar su daskare, abincin da aka haɗa da ƙwai kuma cikinsa ya kai digiri 71. Ɗanyen ƙwai a cikin abin sha, ko lasar kwaɓin da ba a gasa ba, ba na yaro ba ne, ba na mai ciki ba ne, ko da kazarka ce ta saka shi da safen nan.

Yanka da girki

In a gida za a yanka, a janye abinci awa 8 zuwa 12 kafin lokacin, a bar ruwa, don hanji ya rage kaya. A yi fiɗa da figa a waje. Wajen buɗe ciki a bi a hankali kada wuƙa ta huda hanji, in kuma ta huda, a ɗauraye wurin nan take a wanke wuƙar kafin a ci gaba. Ruwan figa a sauya shi in kajin da yawa. Gashi da kayan cikin da ba a so a binne, kada a bar wa sauran kaji ko karnuka.

Daga nan kazar gida da ta kanti hukuncinsu ɗaya. Hukumomin abinci a Amurka da Birtaniya sun ba da shawarar kada a wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo, don ruwa ba ya cire ƙwayar, fantsama ta kawai yake yi a kan kwanuka da kayan lambun da ke kusa. Na san da yawa ba za su iya dafa naman da ba su wanke ba. To a yi shi a cikin roba, a hankali, nesa da sauran abinci, a zubar da ruwan, a wanke robar da wurin da sabulu. Katako da wuƙar nama daban, ko a gama yanka abin da za a ci ɗanye kafin a taɓa naman. Faranti da ya ɗauki ɗanye ba ya karɓar dafaffe.

Naman ya kai digiri 74 a wuri mafi kauri, wato cikin cinya kusa da ƙashi. Launi na yaudara, ƙaramin ma'aunin zafi na girki ya fi. Gashi a kan wuta mai ƙarfi shi ya fi haɗari, waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Daskarewa a firiza ba ta kashe salmonela, barci kawai take, don haka a narkar da nama a cikin firji, a ƙasan sauran abinci. Dafaffe kada ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 in zafin gari ya haura digiri 32.

Wanda ke tsakiya

Mai kaji ɗari biyu ko ɗari biyar a bayan gida, yana sayar wa maƙwabta da masu shago, shi ya fi ba ni tsoro. Ya ɗauko yawan gidan gona bai ɗauko tsarinsa ba, ga kuma iyali a gefe. In kai ne, ka kawo kaji rukuni ɗaya, su tafi rukuni ɗaya, ɗakin ya huta kamar mako biyu bayan wanki. Kada ka haɗa manya da ƙanana, ko kaji da agwagi. Masu saye su tsaya a waje, don takalminsu daga wata gonar yake. Ruwan maganin tsoma ƙafa a ƙofa a riƙa sauya shi, in ya zama laka ba ya kashe komai. Kiret ɗin ƙwai na takarda da ya zaga kasuwa ya dawo kada ya shiga ɗakin kaji, na roba mai wankuwa ya fi. Ka nemi likitan dabbobi kan rigakafin salmonela da kuma gwajin kashi ko ƙurar ɗakin, don gwaji ne kawai ke nuna abin da ido ba ya gani. Rigakafi yana rage yawan ƙwayar da shigarta ƙwai, amma ba ya maye gurbin tsabta.

Kada kuma a zuba antibayotik a ruwan sha da sunan wanke garke. Ba ya raba kaza da salmonela, yakan danne ta ne na ɗan lokaci, ya bar waɗanda suka fi taurin kai. Ranar da irin waɗannan suka shiga jinin yaro, maganin da likita zai fara ɗauka na iya ƙin aiki. Tarayyar Turai ta hana amfani da antibayotik a matsayin hanyar yaƙi da salmonela a kaji, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi.

In wani ya kwanta

Babban haɗarin gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba da ruwan gishiri da sukari na sacet tun daga farko, kaɗan-kaɗan a kai a kai, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yawancin manya masu lafiya ba sa buƙatar antibayotik, kuma shansa ba bisa umarnin likita ba na iya tsawaita zaman ƙwayar a hanji. A tafi asibiti in akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya haura digiri 39, ko gudawa ta wuce kwana 3 ba sauƙi, ko amai ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ragu baki ya bushe. Jariri da tsoho da mai sikila da mai raunin garkuwa ba a jira da su, a kai su da wuri.

A gaya wa likita cewa akwai kaji a gidan, da ranar da aka kawo sababbi in an kawo, don hakan na iya sa ya nemi gwajin bayan gida maimakon ya tsaya a kan maleriya ko taifot. Mai gudawa kada ya yi wa kowa girki har sai ta tsaya da aƙalla kwana 2, kuma ya ci gaba da wanke hannu da sabulu bayan kowace shiga bayi, don ƙwayar kan ci gaba da fita a bayan gidansa makonni bayan ya ji sauƙi.